Hagu ga Zaitun, Dama ga Nuha

Ranar da kare Zaitun ya ture Nuha, 'yar Azumi, a lambu, Madam Mahasin ba ta yi faɗa ba. Ta dubi ƙujewar da ke gwiwar yarinyar, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Azumi. Amma in aka kuma, sai dai ki riƙa barin ta a gida."

Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne a unguwar Hayyin Ashir. Mijin Azumi yana fita karatu tun da sassafe, babu hannun da za ta bar wa 'yar shekara uku.

Zaitun baƙin kare ne, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Madam tana shirya shi don gasa: ya yi tafiya manne da ƙafar hagu, kafaɗarsa daidai gwiwa, idonsa a fuskar mai shi. Tun da Madam ta gurɗe ƙafa, atisayen yamma ya faɗo kan Azumi, wadda shara da girki suka kawo ta gidan Madam a unguwar Mohandessin. Ta cika aljihu da yankakkiyar hanta, ta yi duk yadda aka ce. Amma ba sa nisa sai karen ya gifta ta gabanta ya koma dama, inda Nuha ke riƙe da abayarta.

Ranar Alhamis Bakri ya zo, Bahaushen Sudan mai horar da karnuka. Ya zaunar da Nuha a benci.

"Yalla, ƙanwata, mu gani."

Zaitun ya ɗago ido, Azumi ta ce "Yauwa!" ta miƙa masa hanta. Bakri ya fashe da dariya.

"Kare ne wannan ko surukinki? Har da hannun dama!"

"Yaya Bakri, ni ba a koya min miƙa abinci da hagu ba. Da uwata ta make hannun."

"To shi bai san uwarki ba. Inda hanta ta fito, can ya sani. Ke kike kiran sa dama." Ya rage murya. "In sauri kike, akwai sarƙar da ke shaƙe wuya."

"A'a. Karen da aka shaƙe, wata rana a kan ƙarami zai huce. Ni zan gyaru."

Ba ta gyaru da sauƙi ba. Ta ɗinka aljihu a gefen hagu, hannun dama ya riƙa tsallakawa yana ɗaukowa tun kafin ta ankara. Sai ta damƙa wa hannun ludayi, ta hana shi sakewa. Kullum bayan la'asar ga ta nan tana zagaya lambu, ludayi a dama, hanta a hagu, Nuha na benci tana ƙyalƙyala mata dariya. Zaitun ya fara yarda cewa arzikinsa yana jikin gwiwar hagu. Azumi ta riƙa jan tafiyar kafin ta ba shi hantar.

Ranar da Madam ta dogara sanda ta fito kallo, Azumi ta ajiye ludayin, ta kama hannun Nuha a madadinsa. Suka miƙe, suka juya. A kwanar bishiyar lemo biskit ya suɓuce wa yarinyar, ya faɗi ƙasa. Kunnen Zaitun ya motsa. Kafaɗarsa ba ta bar gwiwa ba, idonsa na kan fuskar Azumi.

"Yauwa!"

Hannun hagu ne ya je aljihu, da kansa.

"Tamam," in ji Madam. "Gobe ma ki zo da Nuha. A saba masa da ita ma."

A bakin famfo Azumi ta cuɗa hannun da ƙasa, ta bi da sabulu, sannan ta tari ruwa a kofi ta miƙa wa 'yarta. Nuha ta maƙale kafaɗa.

"Umma, da hagu? Ni ba Zaitun ba ce."

Azumi ta sauya hannu.