Muryar da Sista Ta Ji a Jirgi

"Sista, ki bar matse mini hannun nan ki saurara. Ba a sauke jirgi da ka."

Veronica ta ci gaba da matsa robar awon jini, idonta a kan allurar. "Ina jin ka, Kyaftin. Jinin dai ya hau, kuma na rantse Hajiya ta sa maka gishiri a miya."

Kyaftin Ari, tsohon matuƙin jirgin sama, bai kula ta ba. Ya ɗaga hannun da ya rage masa mai motsi, ya juyo da idanunsa da ciwon suga ya rufe.

"Tun kuna can sama, kafin a fara gangara, wanda zai sauke jirgin zai juyo ga na kusa da shi ya faɗi komai da baki. Ga titin da za mu sauka a kai. Ga na'urar da za ta ja mu cikin gajimare, tunda ido ba ya ganin komai. In muka sauko saura ƙafa ɗari biyu ba mu ga fitilun titi ba, babu gardama, babu bari mu ƙara leƙawa. A ba shi wuta a koma sama. Ga garin da za mu nufa in Kano ta ƙi, ga man da ya rage mana. Sannan ya ce, akwai tambaya?"

"Babu tambaya," in ji Veronica, kamar kullum.

"Me ya sa ake yanke magana tun a sama?"

"Don in an zo kusa, zuciya takan ce ta ga abin da ba ta gani ba."

"Yawwa! Da tuni na ba ki jirgi."

Wannan karatun ta haddace shi fiye da addu'ar cocinsu. Ita tsohuwar nas ce, haifaffiyar Sabon Gari, titi ɗaya ya raba gidanta da na Kyaftin a Fagge. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye take tsallakowa kowace safiya ta duba shi, ta yi wa matarsa Hajiya Kubura faɗan gishiri, ta sha shayi ta tafi. Ɗansu tilo, Abdulnasir, ita ta yanke masa cibiya da hannunta. Yau shi ma kyaftin ne a wani kamfanin jirage a Legas. Ya fi shekara bai taka gidan ba. Kullum aka kira shi sai ya ce an mayar da shi hanyar Fatakwal, ba ya samun Kano ko kaɗan, amma yana nan tafe.

Ita kuwa jiya ta dawo daga Legas, inda ta je jegon 'yarta Blessing. Surukinta ne ya matsa sai ta hau jirgi. Ana cikin hadarin damina, jirgi yana ta girgiza, ta ƙanƙame kujera tana kiran Yesu, sai murya ta fito daga lasifika tana kwantar wa fasinja hankali. Ba sai ya faɗi suna ba. Muryar da ta taɓa yi mata kukan allura, ina za ta ɓace mata? Da aka sauka ta ƙi fita, ta tsaya a bakin ƙofa har ya fito.

"Abdulnasir!"

Ya daskare da hula a hannu. "Mama Sista."

"Wannan ce Fatakwal ɗin?"

Ya ja ta gefe. Ashe kusan kullum sai ya sauka a Kano. Wani lokaci ma a garin yake kwana, a otal, inda ɗan adaidaita sahu zai kai shi gida kafin shayi ya huce.

"Ba zan iya ganin sa a haka ba, Mama. Mutumin da in ya yi gyaran murya kowa ke miƙewa, a ce yanzu ana juya shi kamar jariri? Don Allah kada ki faɗa masa. Zan zo."

"Tir!" Iyakar abin da ta iya cewa ke nan.

Ta kwana da abin a ƙirji, ta tashi da niyyar yin shiru. Me za ta ƙara wa tsoho in ba ciwo ba?

Tana naɗe robar awo, wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa har kwanon rufi ya amsa. Kyaftin ya karkata kai har ƙarar ta ɓace.

"Sista, akwai abu guda da ban taɓa gaya miki ba a karatun nan. Shi na gefe, ba ado ba ne. In ya ga abu ba daidai ba, dole ya faɗa da ƙarfi, ko da kyaftin ɗin ubansa ne. Kunya ta kashe mutane da yawa a aikinmu." Ya juyo da fuskarsa wajenta. "Tun da kika shigo ba ki cikin natsuwa. Kuma kin je Legas kin dawo, ba ki ce mini komai a kan yaron nan ba."

Hajiya Kubura tana bakin ƙofa da tiren shayi. Veronica ta dube ta, ta dubi tsohon. Ta so ta yi ƙarya, wallahi ta so, amma bakinta ya ƙi.

"Shi ya kawo mu jiya, Kyaftin."

"Kano?"

"Kano. Ya ce kusan kullum yana zuwa."

Kofuna suka yi ƙara a kan tire. Hajiya ta ajiye shi a ƙasa ta zauna kusa da shi.

Kyaftin ya ce, "Saukar ta yi kyau?"

"Ko jijjiga ban ji ba."

"Ni na koya masa." Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, bai ma san yana zuba ba. "Ashe duk jiragen nan da nake kwance ina saurare, ɗana yana wucewa ta kaina. Ya ci amanata, Sista."

"Ya ce zai zo."

"To mu yanke magana tun yanzu, kafin zuciya ta fara yi mini ƙarya. Ki kira shi ki ce ina jiran sa ranar Juma'a. In aka yi La'asar bai shigo ba, Hajiya, kada a ƙara kiran sa saboda ni. Akwai tambaya?"

Veronica ta tattara kayan awonta ta fita.

Ta kira Abdulnasir tun kafin ta tsallaka titi. Ta faɗa masa kalma da kalma, ta ƙara da nata zagin. Ya ce in sha Allahu, Mama, in sha Allahu.

Ranar Juma'a aka yi wa Kyaftin aski, aka sa masa farar shadda da hula zanna, ɗaki ya ɗauki turaren wuta. Hajiya ta dafa burabusko da miyar yakuwa, abin da yaron ya fi so. Veronica ta bar rumfar da take sayar da magani ta zo ta zauna. Duk ɗan sahun da ya rage gudu a lungu sai tsohon ya ɗaga kai. Mai ruwa ya yi sallama, ya ɗaga kai. Veronica ta fita ta kira lambar har ta gaji, waya a kashe.

Aka kira La'asar. Aka idar.

"Kyaftin, mu ƙara masa zuwa Magariba," in ji Veronica. "Wataƙila hadari ne ya tsare su."

"A'a, Sista. Kin fi kowa sanin ba a yin haka." Ya lalubi hularsa ya cire, ya ɗora a cinya. "Hajiya, a raba wa maƙwabta abincin nan kada ya lalace."

Daga ranar bai sake ambaton sunan ba, bai kuma sake yi mata karatun sauka ba. Jirgi zai wuce, ko motsi ba ya yi. Veronica takan koma gida ta zauna a bakin gado tana tambayar kanta ko ita ce ke kashe shi. Sai kuma haushi ya taso mata: ita da ta faɗi gaskiya take kuka, wanda ya yi ƙaryar yana can yana wa fasinja barka da zuwa.

Kyaftin bai ƙara mako ba. Da hantsi Allah ya karɓi ransa, Hajiya tana ba shi kunu a cokali. Wani ƙanin Kyaftin ne ya buga wa Abdulnasir waya, ba uwarsa ba. Aka yi jana'iza bayan Azahar, 'yan kasuwar Kantin Kwari da tsofaffin ma'aikatan filin jirgi suka cika lungu.

Sai da yamma ta yi sanyi Abdulnasir ya iso, cikin farar rigar aiki, idanu jawur. Ya ratsa maza a waje ya shigo tsakar gida, ya durƙusa gaban uwarsa a cikin mata.

"Inna, ki yafe mini."

Hajiya Kubura ta ɗago ta dube shi, carbi a hannunta. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa. An zo mana gaisuwa? An gode, Allah ya ba da lada."

Ta juya ga matar da ke bayansa tana jiran ta yi nata ta'aziyyar. Abdulnasir ya waiwayi Veronica. Ita kuwa ta sunkuya ta janyo ƙafafunta, don ya samu hanyar fita.