Katakon Madobiya na Ƙarshe

Maigidana kafinta ne, irin masu taurin kan nan da ba sa buga wa madobiya ƙusa. Huda katako yake yi, ya fere bakin wani ya cusa a ciki, su kama juna gam. Wai ƙusa cin mutuncin icce ce. Ni dai nakan ce masa to, Allah ya kawo kasuwa.

Tun da baƙin nan na ƙetare suka fara sayen gungume, madobiya ta fi ƙarfin kafintocinmu. Kullum tireloli na wucewa ta ƙofar shagonsa, an ɗaure itatuwan dajinmu da sarƙa, an nufi bakin teku da su. Abin da ke dawo mana kuwa kwalaye ne cike da kabad da tebura na matsattsen garin katako, an lulluɓe da leda mai ƙyalli. Ga araha, ga sheƙi, wa zai kalli namu?

Katakon madobiya ɗaya ya rage masa, jingine da bango. Ya ce muddin yana nan, shago bai mutu ba. Dillalai sun yi zaryar neman saye har sun gaji.

Da abinci ya fara gagarar mu, ni ce na matsa masa ya karɓi aiki wurin mai sayar da kayan kwalin. Aikin haɗa kabad a gidajen mutane ne, da wani lanƙwasasshen ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba.

"Baban yara, na ɗan lokaci ne," na ce. Haka ya je ya karɓi aikin.

Rannan na kai masa abinci shago, na ji ƙarar zarto tun daga bakin titi. Wallahi har zuciyata ta yi sanyi, na ɗauka aiki ya samu. Ina shiga na tarar bangon wayam, ga ƙananan gutsattsari jajaye zube a gabansa.

"Me zan gani haka?"

"Kabad ɗin nan ba sa tsayuwa daidai," ya ce, bai ɗago ba. "Masu saye na ta ƙorafi, mai kaya ya ce in na kasa gyarawa zai nemi wani. Sai an cusa musu abu a ƙasan ƙafa, kuma icce mai taushi ba ya ɗaukar nauyi."

Na tsuguna ina taya shi zubawa a buhu.