Mahayan Dakta Wagdi

"Riƙe min shi da kyau, ya Shauki. Kai, a hankali mana! Wuyan kaza na ba ka?"

Na sassauta yatsuna. Ɗan mutum-mutumin mahayin, har da dokinsa, bai wuce tsawon babban yatsana ba. Dakta Wagdi ya gyara gilashin ƙara girma a idonsa, ya kawo siririyar wuƙa, hannunsa na karkarwa. Sau biyu yana kuskurewa. A na uku kan mahayin ya fita, ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Bature ya tafi," in ji shi. "Yanzu sai mu mai da shi ɗan Masar."

Ba likita ba ne. Shekara arba'in ya yi yana haɗa haƙoran roba, shi ne mutanen unguwarmu ta Ibrahimiyya a Iskandariya suka laƙaba masa Dakta. Ƙofarsa na kallon tawa a hawa na huɗu. Bai taɓa aure ba. Ni kuma matata ta rasu, 'ya'yana suna ƙasar waje, sai ya zama ni ke shiga wurinsa bayan la'asar.

Mahayan nan a kwali suke zuwa daga Turai, duk cikin kwalkwali da sulken Turawa. Shi kuwa rundunar Mamluk, mayaƙan dawakin Masar na da, yake so. Sai ya sare kai, ya murza danƙo da kayan aikin haƙoransa ya yi wani kan da rawani, ya lanƙwasa takobi, ya rataya kwari da baka, sannan ya bi da fenti, da burushin da gashinsa bai fi a ƙirga ba.

A da su huɗu ne masu wasan yaƙin. Kowace Juma'a sukan shimfiɗa koren ƙyalle a teburin cin abinci, su jera runduna, su jefa ɗan ludo, su auna tafiyar doki da tef, ana ihu har ƙasan bene. Biyu sun mutu. Na ukun, Ustaz Nabih, malamin tarihi, sun ɓata ne a kan ko dawakansa sun kai gada ko saura rabin santimita. Shekara tara ba su gaisa ba.

"Likita ya ce zuciyar ta gaji," Dakta ya faɗa ranar, bai ɗago kai ba. "Na kira 'yar Nabih. Za ta kawo shi Juma'a ta sama. Mahaya arba'in nake so, saura goma sha biyu."

"Ka huta mana, Dakta. Dubi yadda ƙafafunka suka kumbura."

"Da ƙafa nake fenti?"

Kwana goma muka yi a kai. Ni ne mai riƙewa da shafa baƙin fentin farko, shi ne mai sirdi da linzami da ido. In hannun ya ƙi, sai ya dafe shi da ɗayan ya jira. Waken da nake kawo masa da safe, haka nake tarar da shi da yamma.

Ranar Juma'a ya sa farar riga, ya yi aski. Tun kafin azahar ya jera tebur: tudu a nan, kogi na shuɗin takarda a can, da gada. Da muka ji takunsu a matakala, ya miƙe da ƙyar.

Riham, 'yar Nabih, ce ta fara shigowa, tana riƙe da hannun mahaifinta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Nabih," in ji Dakta. "Tsohon ɗan rigima."

Ustaz Nabih ya dube shi da ladabi, irin duban da ake wa baƙo a asibiti. "Barka da yini, ranka ya daɗe." Ya juya wurin 'yarsa. "Gidan wa muka zo?"

"Ai na gaya maka a waya, Ammu," Riham ta ce wa Dakta ƙasa-ƙasa; haka take kiransa, wato baffa. "Ni ma wani lokacin ba ya gane ni."

"Kin gaya min. Zaunar da shi."

Na kawo shayi. Can sai Ustaz Nabih ya miƙa hannu ya ɗauki mahayi ɗaya, ya kai shi kusa da ido, ya jujjuya.

"Wane jaki ne ya shafa wa sirdi wannan ja?"

"Baba!" in ji Riham.

"Ƙyale shi," in ji Dakta.

"Ina da wani aboki, Wagdi, haka yake kwaɓa ja. Kai kamar dutse. Amma hannu, ba irinsa a Iskandariya." Ya ajiye mahayin. "Ya mutu, ko?"

"Yana nan."

"To in ka gan shi, ka ce masa dawakaina sun kai gadar nan."

Dakta ya dubi gadar. "Sun kai," ya ce. "Shi ma ya sani."

Ba su yi minti ashirin ba Ustaz Nabih ya fara cewa a mai da shi gida. Da suka sauka, Dakta ya nuna min kujerar da Ustaz Nabih ya tashi.

"Zauna ka jefa masa ɗan ludo."

Ban san dokar wasan ba. Ni dai jefawa nake, shi yana aunawa, yana tura dawakan ɓangare biyu. Bai yi ihu ko sau ɗaya ba. Kafin magariba ya kwantar da mai tutarsa a kan ƙyallen.

"Ya ci ni," in ji shi. "Je ka gida, Shauki. Na gaji."

Ranar Talata da safe na ƙwanƙwasa, shiru. Na ɗauko makullin da ya ba ni ajiya. Yana kwance a gado ta gefen dama, ya cire gilashinsa ya naɗe, jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Mu tara muka bi shi maƙabarta bayan azahar, har da mai gadin bene da mai sayar da burodi. Riham ta kira ta yi min gaisuwa. Ta ce ba ta gaya wa babanta ba, kuma ba ta san ko ta gaya masa ba.

Ɗan ƙanwarsa, Hazem, ya zo daga Alƙahira ya kwana biyu. Ya zuba rundunonin a kwalaye, ya ce zai duba ko akwai mai so. Ya karɓi makullina, ya kulle gidan, ya tafi.

Sai bayan mako guda, da na fita barandata shanya, na leƙa ta Dakta. A gefen dakalin, kan tsohuwar jarida da aka danne da dutse, ga mahaya shida a jere. Ashe ya sake wa siradansu fenti, ya rufe jan da Ustaz Nabih ya kushe, ya fitar da su su bushe. Hannuna ba ya kaiwa. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, har yayyafi ya fara sauka daga wajen teku yana ɗiga a kan jaridar.