Motar da Mama Za Ta Iya Shiga

Zdravko Manolov bai sake taka gidan kula da tsofaffi ba tun ranar da ya kai mahaifiyarsa can, kuma wannan maganar ce take cin zuciyarsa a safiyar Asabar ɗin da yake durƙushe a filin sayar da motoci na bakin garin Pazardzhik, yana ɗaura wa ƙanin matarsa guntun katako a ƙafar dama.

"Ka matse da yawa, Yaya," in ji Lachezar. "Jini ya daina sauka."

"Ita ma haka take ji."

"To ita a banɗaki ta faɗi. Ni me na yi?"

Ranar da Zdravko ya kai tsohuwar, bayan faɗuwar da ta hana gwiwarta lanƙwasuwa, ya yi mata alkawari a bakin ƙofa. Ya ce tsohuwar motarsu ta yi ƙasa da yawa, amma da zarar sun sayi jif mai tsayi wadda za ta shiga ba tare da an naɗe ta kamar tabarma ba, zai riƙa ɗaukar ta kowace Lahadi zuwa gidansu na ƙauye. Tun daga lokacin an gasa tattasan hunturu an cika kwalabe har sau biyu, wato shekara biyu ke nan, mota ba ta sayu ba. Muddin kuwa babu mota, babu dalilin zuwa, domin a ganinsa mutum ba ya tsayawa gaban uwarsa da alkawarin da bai cika ba. Abin da yake yi shi ne, kullum da safe kan hanyarsa ta zuwa ofishin ruwa, sai ya ratse ta titin gidan tsofaffin, ya rage gudu daidai bangon da ake manna takardun sanarwar mutuwa masu hotuna, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Idan bai ga tata ba sai ya taka mai ya wuce, yana jin sauƙi da kunya a haɗe, har ya kasa bambance su.

Matarsa Rumyana ce take zuwa duk Alhamis da banitsa, gasasshen fanke mai cuku, da zafinta a cikin tawul. Ita ta fara cewa a ɗauko tsohuwar ta gwada motocin da kanta. Zdravko ya ce likita ya hana a fitar da ita. Likita bai taɓa faɗin haka ba. Rumyana ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta ce to sai a nemi wakili, ga ƙaninta Lachezar nan ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ba ya komai, kuma tsawonsu da faɗinsu ɗaya da Mama Tsveta. Da aka tambayi Zdravko wace ƙafa za a ɗaure, ya ce ta dama. Ɗankwalin kuwa Lachezar ne ya nace a ba shi ɗaya daga cikin waɗanda ta bari a gida, wai in ba shi ba ya jin tsufan a jikinsa.

"Barka da zuwa, Kaka," in ji Kalin, dillalin da ya tare su, yana riƙe hannun Lachezar da ladabi. Ya daɗe da daina tambaya. A gabansa Zdravko ya ƙi farar jif saboda ba ta ɓoye datti, ya ƙi baƙa saboda ta yi kama da motar ɗaukar gawa, ya ƙi wata mai ruwan toka saboda ƙofarta tana rufuwa kamar wadda ta yi fushi. "Yau na kawo muku wadda ba za ku samu abin cewa ba. Na rantse da aikina, wanda dama saura ƙiris ku raba ni da shi."

Motar ja ce. Tana tsaye ita kaɗai a gefen fili, tana ƙyalli.

Lachezar ya dafa sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya ja ƙafar katako zuwa ƙofar baya, yana nishi irin na tsohuwar. Shekaru talatin yana zama kusa da ita a teburin kowane biki, babu abin da bai kwashe ba, har yadda take tsuke baki kafin ta kushe abu.

"Ja?" ya ce da siririyar murya. "Da tsufana? Mutanen ƙauye su ce na sake aure."

"Shiga dai, Mama," in ji Rumyana.

Kalin ya danna wani abu, motar ta yi ajiyar zuciya ta sauko ƙasa kaɗan kamar raƙumin da aka umarta. Lachezar ya juya baya, ya zauna, ya jawo ƙafar katako ciki ba tare da ta taɓa komai ba. Ɗankwali bai goge rufi ba. Aka sa sandar a but, aka ga akwai sauran wurin kwalaben tattasai da buhun dankali, har da akuya in ana so.

Zdravko ya matso kusa. Ya zagaya motar a hankali, hannuwa a baya, kamar alƙalin da ke neman laifin da zai ɗora wa mutumin kirki.

"Rufin nan gilashi ne," ya ce. "Mama ba ta son sama tana kallon ta."

Kalin ya danna wani abu, labule ya rufe saman.

"Kujerar fata ce. Za ta yi mata sanyi."

"Tana ɗumama kanta, ranka ya daɗe."

"To za ta ƙona ta."

"Ni dai daɗi nake ji," in ji Lachezar daga ciki. "Tun da mahaifinka ya rasu ba a ɗumama ni haka ba."

"Lachezar, ka kiyayi bakinka," in ji Rumyana, tana danne dariya.

"Wane ne Lachezar? Wannan malalacin ƙanin naki? Ya dawo min da tukunyata tukuna."

Zdravko ya shiga ya zauna gaban sitiyari don ya sami lokacin tunani. Wata muryar mace ta fito daga cikin motar ta umarce shi ya ɗaura bel. Ya ce mata biyu sun ishe shi umarni, ba ya bukatar ta uku, amma shi da kansa ya ji maganar ba ta da ƙarfi. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. A ciki ya ga ɗankwalin mahaifiyarsa mai furanni shuɗi, da hannuwa biyu haɗe a kan cinya yadda take haɗa su a coci.

"Zdravko," in ji siririyar muryar Lachezar daga baya, a hankali, ba wasa a cikinta, ko kuma wasan ne ya yi kyau fiye da kima. "Na shiga. To yaushe za mu tafi?"

Babu wanda ya yi dariya. Kalin ya yi gyaran murya ya ce ai sai a zaga da ita a ji yadda take tafiya, ya shiga baya kusa da Kaka. Rumyana ta zauna gaba.

Kalin ya ce a bi hagu zuwa babban titi. Zdravko ya ji shi sarai, amma hannuwansa sun saba da hanyarsu, suka karya dama. Suka wuce kasuwa, suka wuce gadar kogi, suka shiga titin da yake bi kullum. Ƙafarsa ta sassauta da kanta daidai bangon. Akwai sabuwar takarda, fara sol, hoton wata tsohuwa da ɗankwali mai furanni.

Ya taka burki har motar ta yi masa faɗa. Ya fita bai rufe ƙofa ba, ya isa bangon yana laluben tabarau. Ba ita ba ce. Wata ce mai suna Nedyalka, mai faɗin fuska.

"Maƙwabciyar gadona ce," in ji wata murya ta bayan ƙarafan shinge. "Ta yi ta minshari har daren ƙarshe, Allah ya ji ƙanta."

Mama Tsveta tana zaune kan benci a cikin farfajiya, tana shan rana, da bargo a kafaɗa. Ta ƙanƙance fiye da yadda ya bar ta. Ko kaɗan yanzu faɗinta bai kai na Lachezar ba.

"Yau ka tsaya," ta ce. "Kullum ina ganin ka ta tagar sama, kana karanta bangonmu kamar jarida. Ka huta da wahalar nan, ɗana. Idan nawa ya zo, waya za su yi maka kafin su manna."

Ya buɗe baki ya ce wani abu game da mota, amma idonta ya riga ya wuce shi. Lachezar ya fito, yana dafe da kafaɗar Kalin, yana jan ƙafar katako a kan kwalta.

"Wancan ba ɗankwalina ba ne?"

"Ina kwana, Mama Tsveta," in ji Lachezar da muryarsa ta gaskiya, mai kauri. Ya zare ɗankwalin ya riƙe a ƙirji kamar hula.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Taki ce," ya ce. "Wato ni ne ke. Muna gwada miki mota."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon katakon da igiyoyinsa. Sannan ta yaye gefen siket ɗinta, ta nuna ƙafar da ke miƙe sambal a gabanta.

"Ta hagu ce," ta ce.

Kalin ya dubi sama yana motsa leɓe. Zdravko ya san abin da yake lissafawa: da farar, da baƙar, da mai ruwan tokar, duk an yi musu hukunci da ƙafar da ba ta yi laifi ba.

"Wa ya ce muku ta dama ce?"

"Ni ne, Mama."

Ya juya ga matarsa, wadda take zuwa nan duk mako. "Kin sani."

"Tun ranar farko," in ji Rumyana. "Na ce bari in ga ko za ka zo ka duba da idonka."

"Ni fa?" in ji Lachezar. "Ƙafar nan har ta fara ciwo da gaske."

"Kai ka ci banitsa da yawa a kan aikin nan. Yi shiru."

Kalin ya matso shinge, ya rusuna. Ya ce tunda ga mai gayya nan da kanta, ko za ta daure ta gwada? Motar tana durƙusawa, kujerar tana ɗumi, kuma in ta hagu ce ai sai a shiga ta ɗaya ƙofar, shi ke nan.

"Ja ce," in ji Mama Tsveta, ta tsuke baki. "Mutanen ƙauye su ce me?"

Lachezar ya dubi Kalin da alfahari.

"Kuma ba na fita da takalmi a kwance. Yarinyar da ke ɗaura min ba ta zuwa ran Asabar."

Sai a lokacin Zdravko ya lura. Takalmin dama a ɗaure yake tsaf, na hagu kuwa igiyarsa tana jan ƙasa, can nesa da inda hannunta zai iya kaiwa. Ya dubi ƙofar shingen. Ƙaramar ƙofa ce ta ƙarfe, ko kwaɗo babu a jikinta. Ya tura ta, ta buɗe ba ƙara.

Ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, gwiwoyinsa na ɗan shekara sittin suna ƙara, ya ɗauki igiyoyin biyu. Ƙafar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya kuskure ɗaurin farko, ya kwance ya sake.

"Ranka ya daɗe," in ji Kalin a hankali daga waje, "motar fa ana jiran ta."

"A jira," in ji Zdravko, bai ɗago ba.

"Ka matse da yawa," in ji mahaifiyarsa, ta ɗora hannu a kan furfurarsa don ta gyara zama, ba ta kuma ɗauke ba. "Sake."