Lambar Haris

Ban yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko ban shiga ba, amma shekara talatin ina dillancin bisashe a kasuwar Belbeji, kuma ba a taɓa cutata a ƙirga ba. Ɗana Haris ya gaje ni, har ya fi ni. Da ya shiga soja ya zo hutu garinmu Tarka da wani ɗan ƙarfe a wuya, lamba a jiki.

"Baba, masu sunana uku ne a barikinmu. Wannan lambar ce ni. Dubu ɗari da sha bakwai da ɗari shida da arba'in da tara."

"Wa zai riƙe wannan jelar?"

Ya yi dariya. "Bakwai ce zalla. Rijiya bakwai, kowace da komin ban ruwa bakwai, kowane komi da makiyayi bakwai, kowane makiyayi da akuya bakwai, kowace akuya da 'ya'ya bakwai, kowane ɗa da kaska bakwai. Ƙirga kaskar."

"Ashe gwamnati kaska ta ɗauka aiki," na ce.

Kwana biyu na yi ina jera tsakuwa. Ta fito daidai. In ka raba ta biyu, ɗaya na yin saura. Ba ta rabuwa uku, ba ta rabuwa biyar. Bakwai kaɗai take ji.

Bara, bayan girbi, jandarma ya kawo takarda da hantsi: Haris ya rasu a bakin aiki, an riga an yi masa sutura. Uwarsa Rahamatu ta zauna a ƙasa. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Na ce wa 'yata Zuhaira ta karanta mini lambar da ke kan takardar.

"Dubu ɗari da sha bakwai da ɗari shida da casa'in da huɗu."

"Sake."

Ta sake. Na lissafa a kaina. Wannan tana rabuwa biyu sumul. In ka raba ta bakwai, uku na yin saura.

"Ku naɗe tabarmin nan," na ce. "Wani Haris ne. Allah Ya ji ƙansa, amma ba nawa ba ne."

Liman ya ce, "Ɗanmalam, ka yi haƙuri da hukuncin Allah."

"Ina haƙuri, Malam. Amma ban taɓa karɓar akuyar da ba shaidata a kunnenta ba."

Rahamatu ta tashi ta ɗora tukunya. Wayar Haris ba ta shiga, amma dama a daji ba ta shiga.

Washegari na hau motar kasuwa zuwa barikin soja a Tanut. Wani hafsa ya saurare ni har ƙarshe, da rijiyoyin da kaskar, bai yi dariya ba. Ya buɗe akwatin tebur ya fito da ambulan. Ɗan ƙarfen na ciki.

"Baba, wanda ya buga takardar ne ya juya lambobi biyu na ƙarshe. Ga ta jikinsa."

Ya karanta a hankali. Da arba'in da tara.

Na so in sami kuskure. Ina zaune a gabansa na raba ta bakwai, na sake, na sake, har sau shida, kowane karo tana rabuwa sumul. Ɗaya ta rage a hannuna.

Na iso gida da la'asar. Rahamatu na bakin ƙofa, ta yi wanka, ta sa zanen da Haris ya sayo mata. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna.

"Malam?"

"Zuhaira," na ce, "ɗauko tabarmin."