Katantanwar Mama Noreen

Shekarar da idon Mama ya mutu na bar aikina a birnin Launceston na koma tsibirinmu, Cape Barren. Noreen sunanta, kuma duk tsibirin an san ta da shirya abin wuya na mairina, 'yar katantanwar teku mai tsini da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta fara wani dogo domin jikarta Shanelle, 'yata, ya tsaya a rabi.

Ranar da ruwa ya ja baya sosai ta ce in kai ta gaɓar da uwarta ke ɗibar katantanwar. Muka shiga har gwiwa, sanyi na cizon ƙashi, tana riƙe da kafaɗata.

"Glenys, ɗaga ciyawar ruwan ki girgiza a bokiti. A ƙarƙashin ganye suke maƙalewa, ba a yashi ba."

"Mama, wace ciyawa? Dutse ne kawai."

"Ke dai birni ya cinye miki ido. Ni ce makauniya ko ke?"

Ta sunkuya ta lalube da kanta. Hannunta ya daɗe cikin ruwa. Da ta miƙe hannu wayam, ba ta sake tsokanata ba.

Sai can gaba, bayan wani dutse, muka sami ɗan tarin ciyawa. Na girgiza, guda goma sha tara suka faɗo, masu ƙasa-ƙasan baya. Ba mai cewa in an kankare bayan nan kore da shuɗi ne ke walƙiya a ciki. Na zuba mata a tafi. Ta bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsa tana ƙirga zagayen jikinsu, ta ware goma sha uku gefe.

"Waɗannan yara ne, bakinsu bai yi kauri ba. Mayar da su."

"Haba Mama! Shida fa za su rage."

"To shida ne rabonmu. Ki sa su ƙarƙashin ganye, kada ki watsa."

Na mayar, raina a ɓace.

Mama ta rasu da sanyin shekarar. Ni na ci gaba da zuwa gaɓar, wani zuwan in samo goma, wani in dawo da bokiti wayam. Ƙanwarta, Inna Merle, ta koya mini huda su ba tare da sun fashe ba, bayan na fasa fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai a shekara ta huɗu na ƙulle zaren abin wuyan da Mama ta fara. Shanelle ta zo hutu daga birnin Hobart, na rataya mata a ɗakin girki. Ta shafa shi, ta ce gobe in tashe ta idan ruwa ya janye.