Motar Riedewaan da Hajiyoyin Ɗaukar Amarya

Duk unguwar Mitchells Plain da ke birnin Cape Town babu wanda bai san motar Riedewaan ba, don in ta taho sai ka rantse da ciki take tafiya. Shi da kansa ya yanke mata sifirin a bayan gidansu, ya sauke ta har sai da ya zama yatsa ɗaya ne kawai ke shiga tsakanin taya da bodi. Tun daga nan tayoyin suka karkace, samansu ya shige ciki, ƙasansu ya baje waje kamar ƙafar agwagwa, gefen ciki kaɗai ke cin kwalta. A shimfiɗaɗɗen titi kam ba a magana, kwana take sha ko gezau. Amma da ta taka ɗan rami sai sitiyari ya fizge, haƙoran mutum su haɗu, saboda sifirin ba shi da sauran wurin lotsawa. Riedewaan bai taɓa ganin aibun wannan ba. Son motar nan yake yi tsakaninsa da Allah.

Da bikin ƙanensa Tauriq ya zo, ya kafe shi zai ɗauko amarya.

Mahaifiyarsu ta ce, "Wannan farantin naka ne zai ɗauko mini suruka? Ka kuskura ka ba ni kunya gaban dangin yarinyar nan, ni da kai ne."

"Haba Mama, na gwada ta, na auna komai."

Ya auna ɗin kuwa, sai dai ranar shi kaɗai ne a ciki, shi kuma siriri ne, iskar Cape Town in ta taso sai ya riƙe ƙarfe.

Bayan la'asar, an gama cin shinkafar biriyani a zauren biki, hajiyoyin dangin ango suka miƙe. Su ne masu yafa wa amarya mayafin gashi, su sa ta a tsakiya, kuma ba sa rabuwa da ita sai sun kai ta ɗakinta. Hajiya Galiema da Hajiya Koebra aka wakilta, dukansu Allah ya hore musu jiki. Suka shiga baya, amarya Nuraan a tsakiyarsu. Motar ta yi wani nishi ta zauna. Riedewaan ya faki ido ya kai yatsa saman taya. Ko farce bai shiga ba.

Suna tashi taya ta fara gugar bodi, ƙiii, ƙiii.

Hajiya Koebra ta ce, "Ɗan nan, kyanwa ka taka ne?"

"A'a Hajiya, haka take gaisuwa."

"Ƙaurin robar kuma fa? Shi ne turaren amarya?"

Nuraan ta ƙunshe dariya cikin mayafi. Shi kuwa gumi har cikin kwalar rigarsa, don ga tudun rage gudu a gabansu. Ya yi dabarar da duk masu irin motarsa suka sani, ya karkata, taya ɗaya ta hau, sannan ɗaya. Sai ji aka yi ƙurrr, cikin motar ya dafe kan tudun, ba gaba ba baya. Motocin rakiya suka jeru suna hon.

Da ƙyar ya juyo. "Hajiya, don Allah ko ɗayarku za ta ɗan sauka..."

Hajiya Galiema ta zaro ido. "In bar amarya a titi? Tun kafin a haife ka nake wannan aiki. In za a sauka, gaba ɗaya za mu sauka."

Suka fito, suka riƙe Nuraan hagu da dama. Da yake ba a tafiya da amarya shiru, Hajiya Koebra ta ɗaga murya ta ja salati, matan motocin baya suka fito suka amsa. Motar ta ɗago da kanta ta haye. Aka koma ciki.

To, titin gidansu Tauriq tudu ne bayan tudu. Kowanne aka zo sai an sauka, sai an ja salati, sai ƙofofi sun buɗe. Mata da tsumman girki a hannu, tsofaffi da silifas, duk suka biyo. Daga baya ma hajiyoyin suka daina wahalar shiga. Amarya ta taka da ƙafarta, rabin unguwa na biye da ita, motar na rarrafe a baya ba kowa ciki sai Riedewaan, yana ta alkawari a ransa gobe da sassafe zai sayo sabon sifirin.

A ƙofar gida ya hango mahaifiyarsa tsaye. Ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. Ita kuwa ba ta ko dube shi ba, taron take kallo tana share hawaye, ta rungume Nuraan tana cewa ba a taɓa kawo wa kowa amarya haka a layin nan ba.

Hajiya Galiema ta ƙwanƙwasa masa gilashi, tana haki.

"Hajiya, ki yafe ni. Wallahi gobe zan ɗaga ta."

"Ka ɗaga me? Kul! Bikin jikata wata mai zuwa ne, kai za ka kai ta, kuma layin gidan angon ya fi wannan yawan tudu."